Na'urar auna danshin kankare: abin da na gani bayan wata takwas

Sana'ata fenti ce, kuma 'yan shekarun nan na fi samun aikin shafa ifoksi, wato wani fenti mai tauri da sheƙi, a daɓen gareji da shaguna a nan Kano. Asara ce ta sa na sayi wannan na'ura. Bara, damina na ƙarewa, na yi wa wani bawan Allah gareji, aiki ya fito kamar madubi. Ba a yi sati uku ba ya kira ni. Na tarar daɓen ya yi bororo tun daga bakin ƙofa har bango, na sa ƙusa na huda ɗaya, sai ruwa ya tsirto. Da kuɗina na kankare ifoksin, na sake shafawa.

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, da ƙananan ƙafafun ƙarfe a ƙasanta. Ka share ƙura, ka danna ta a daɓe, nan take ta nuna lamba. Takardar ifoksin da nake amfani da shi ta ce kada danshi ya wuce kashi 4 cikin ɗari. A nan kam ta biya kuɗinta, domin cikin minti goma nakan zagaye ɗaki ina sa alama da alli, in gane kusurwar da ta fi jiƙa. Kusan kullum jikin bangon banɗaki ne.

Ta kuma rage mini musu. Wani mai shago ya tsare ni, wai sauri yake: "Malam, ai magini ya ce kwana 28 sun cika."

Na ce, "Alhaji, kwana 28 na ƙarfin siminti ne, ba na bushewa ba. Ga shi, duba da idonka."

Lamba ta haura 5, sai ya yi shiru. Lissafin da masu aikin ke yi shi ne kamar wata guda ga kowane inci na kauri, don haka jaman fulo mai inci huɗu yana iya cin wata huɗu. Da baki kawai na faɗa, cewa zai yi wani aikin na karɓa nake ja masa rai.

Inda ta kusa kai ni ta baro shi ne lokacin hunturu. Abin da take ji bai wuce zurfin santimita biyu ba, iskar hunturu kuwa sama take busarwa ta bar cikin a jiƙe. A wani sito ta nuna mini 3 da ɗoriya ko'ina. Hankalina bai kwanta ba, sai na yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, na manne bakinta da selotef, na bar ta ta kwana (ƙa'ida aƙalla awa 16). Da safe na ɗaga: leda ta yi gumi, kankaren ƙarƙashinta ya yi duhu. Da na matsa wa mai gadi da tambaya, ashe ba a shimfiɗa leda ba kafin a zuba kankaren, laima daga ƙasa take tasowa. Irin wannan ko shekara ka jira ba zai bushe ba, sai an fara shafa abin tare danshi. Haka kuma in rodi ya yi kusa da saman daɓen, lambar kan tashi ba gaira ba dalili.

Akwai gwajin da ya fi wannan, wanda ake huda kankaren zuwa kashi 40 na kaurinsa a sa ma'auni a ramin ya yi awa 24, amma kayansa sun fi ƙarfin aljihuna tukuna.

In kana wannan sana'a, saye ta, amma ka riƙa tafiya da leda da selotef a jaka. Batirinta ma na ɗan ci, yanzu biyu nake ajiyewa a aljihun gaba.