Na kalli Murder on the Orient Express na 2017 bayan na karanta littafin

Littafin Agatha Christie na fara karantawa, wanda ya fito a 1934, sai daga baya na nemi fim ɗin da Kenneth Branagh ya shirya a 2017. Shi ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin Hercule Poirot, mai binciken nan ɗan ƙasar Beljiyam. Ni da ƙanwata muka kalla a kwamfuta da daddare, bayan yara sun yi barci.

Gaskiya ido ya sha kallo. Tun daga tasowar jirgin ƙasan daga Istanbul, fitilun taragon cin abinci, duwatsun da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, komai tsaf. Akwai wurin da sai da na mayar baya sau biyu: lokacin da aka gano gawar Ratchett, fasinjan da aka kashe a cikin jirgin, wanda Johnny Depp ya fito a matsayinsa. Daga sama aka ɗauko hoton, kawunan mutane kawai kake gani a ɗan lungun taragon, gawar kuwa ba a nuna ta ba. Tsigar jikina ta tashi.

Sai dai akwai abin da ya sosa min rai. A littafin, dusar ƙanƙara ta tare jirgin a Yugoslabiya, ba shiga ba fita, ga gawa da sukan wuƙa 12. Poirot ya zauna yana kiran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi. Nan daɗin labarin yake. Kana zaune tare da shi kana auna maganar kowa, kana tunanin guntuwar takardar da ta ƙone mai sunan Daisy Armstrong (wata yarinya da aka taɓa sacewa aka kashe), da hankici mai harafin H, da agogon da ya tsaya a ƙarfe 1:15. Branagh kamar bai yarda mai kallo zai jure wannan zaman ba. Ya fito da mutane waje, ya sa guje-guje a ƙarƙashin gadar katako, har da harbin bindiga, alhali babu ko ɗaya a littafin. Manyan 'yan wasa irin su Judi Dench da Willem Dafoe 'yan mintoci kawai suka samu. Ƙanwata, da ba ta karanta littafin ba, sau uku tana taɓa ni: "Yaya, wannan kuma wace ce?"

Michelle Pfeiffer ce ta wanke min zuciya. A ƙarshe, da aka jera fasinjojin a dogon tebur a bakin ramin da jirgi ke bi, ta yi magana da muryar wadda baƙin ciki ya daɗe yana ci, har ƙanwata ta share hawaye. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba.

Wanda bai san labarin ba, ya fara da littafin. In kuma fim yake so, na 1974 da Sidney Lumet ya shirya, wanda Albert Finney ya yi Poirot, ya fi zama a cikin taragon yadda Christie ta tsara.