Sashen tambayar marubuci na Goodreads: yana da amfani, amma sai da haƙuri

A 2014 Goodreads, shafin intanet na masu karatun littattafai mallakar Amazon, ya buɗe sashen Ask the Author, wato tambayi marubuci. Da asusun kyauta za ka nemo marubucin, ka rubuta tambayarka a akwatinsa, in dai ya kunna shi. Jama'a ba sa ganin tambayar sai ya amsa.

To a nan gizo ke saƙar. Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya da na sihiri sun gaji da "yaushe littafi na gaba zai fito?", tsallake ta suke yi. Yi tambaya ɗaya tak, takamaimiya: me ya sa tsafin jarumin ke cin ƙarfinsa, ko da wane makamashi kumbon ke tafiya. Kuma in ba ka gama littafin ba, kada ka leƙa tsofaffin amsoshi, sukan tona ƙarshen labari.