Wata uku da sa Ryzen 7 5700X, ga abin da na gani

Jama'a barkanmu. Ni sana'ata editin bidiyon biki ne a nan Agege, da dare kuma in na samu sarari ina taɓa gem, yawanci Warzone da FC. Tun da na haɗa kwamfutar nan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 3600 na kamfanin AMD ne a ciki, kuma wallahi ya yi min aiki ba zan ci amanarsa ba, amma da mutane suka fara kawo bidiyo 4K sai abin ya fara ja, kana jan bidiyon gaba yana tsattsayawa, ga amarya tana ta kira wai yaushe za a gama.

Da farko raina ya tafi kan AM5 ne, wato sabon tsarin mazaunin furosesa na AMD, sai da na zauna na yi lissafi na ga ba furosesa kaɗai zan saya ba, dole sai sabon madabod (babban allon da ake jona komai a kai) da sabon nau'in ram, DDR5, don AM5 ba ya karɓar DDR4 sam. Da tsadar dalar nan ina zan iya. Madabod ɗina B450 ne, na tsohon tsarin AM4, kuma yana ɗaukar jerin Ryzen 5000, irin su 5700X, in an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin.

Inda na daɗe ina kai-kawo shi ne tsakanin 5700X da 5700X3D. Dukansu kor 8 ne, wato sassa takwas masu aiki lokaci ɗaya. Shi X3D yana da kash na L3, wato ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesan, har 96MB, na 5700X kuwa 32MB ne, shi ya sa a gem X3D ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma gudunsa a 4.1GHz yake tsayawa, 5700X yana kai 4.6GHz, kuma wajen cin wuta 5700X 65W ne, X3D kuwa 105W. Duk wanda ke aiki da inbata a Legas ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, ga zafin gari. Na ce to editin ne ke ciyar da iyalina, gem nishaɗi ne, na ɗauki 5700X.

A Computer Village da ke Ikeja na saya, kafin in biya na juya shi a haske na duba ƙafafuwansa ɗaya bayan ɗaya, don na AM4 a jikin furosesan suke, ɗaya ya lanƙwashe ka shiga uku. Kuma ba ya zuwa da fanka a kwali, sai da na sayi tawa daban.

Don Allah ka sabunta BIOS tun tsohon furosesan yana ciki, kuma ka jona UPS, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi madabod zai iya tafiya. Wajen cire tsohuwar fanka ka bar kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukun, ka murɗa a hankali, don man da ke tsakani yana bushewa ya kama, in ka fizga sai furosesan ya biyo ta.

Yanzu in na sa renda, wato fitar da bidiyon da na gama haɗawa, na tafi sallar Isha'i, kafin in dawo yawanci ya gama, kuma ina iya buɗe Photoshop ina gyara hoto yana aikinsa. A gem bambancin bai kai na editin ba tunda katin bidiyona tsoho ne, amma wannan ɗan tsayawar da Warzone ke yi in an cika wuri ɗaya ta ragu sosai. Katin ne zan tara wa kuɗi bayan babbar Sallah in Allah ya yarda.