Igiyar hannu ko shimfiɗar tebur: wanne mai gyaran firinta zai fara saya?

Ɗan'uwa, ka ce kana zagaya ofisoshi gyaran firinta, kuɗinka kuma na abu ɗaya ne: igiyar nan da ake ɗaurawa a wuyan hannu don sauke cajin jiki, ko shimfiɗar roba ta tebur. Ka kuma tambaya ko taɓa ƙarfen injin kafin a fara aiki bai wadatar ba. Ni dai igiyar zan ce ka fara saya, sai dai kowanne da aikinsa.

Abin da ake gudu shi ne cajin da gogayya ke tara wa mutum a jiki, irin wanda ke sa riga ta yi ƙas-ƙas in an tuɓe ta da hunturu. Sai ya kai wajen volt 3,000 kafin ka ji ya ja ka, alhali volt 100 ma na iya illata wasu ƙananan ai-si, 'yan na'urorin nan masu ƙafafu da ke kan fanel, allon lantarkin cikin firinta. Wato za ka iya kashe fanel ba ka ji komai ba. Bushewar iska ce ke ƙara shi: mai tafiya a kan kafet zai iya tara volt 35,000 in danshi bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, amma da damina abin kan tsaya wajen 1,500. Daga Disamba zuwa Maris a Kano ko Damagaram, ga kafet ga na'urar sanyaya ɗaki, ka san inda ka shiga. Wani sa'in kuma firinta ba ta mutuwa nan take. Sai ta yi aiki lafiya, bayan 'yan makonni ta daina gaisawa da kwamfuta, a ɗora wa wutar NEPA laifi.

Igiyar hannu jikinka take kula da shi. Tana zubar da cajin a hankali duk tsawon aikin, domin a cikinta akwai rizista mai megom 1 da ke rage ƙarfin wutar da za ta bi ta jikinka in an yi kuskure. Tana shiga aljihu, ba ta da tsada. Sharaɗinta shi ne ƙarfenta ya taɓa fata, ba a kan hannun riga ba, a kuma maƙala bakinta a ƙarfen firinta wanda ba fenti, bayan an cire filogi. Mutane na damuwa da cewa soket ɗin ofisoshi da yawa ba su da wayar atin ta gaskiya, wadda ke sauke wuta zuwa ƙasa, balle in a janareto ake. Hakan bai hana ta aiki ba: muddin kai da injin kuna haɗe, cajinku ɗaya ne, babu abin da zai yi tsalle tsakaninku. A riƙa auna igiyar da mitar gwaji, don wayar kan tsinke daga ciki ba a sani ba. Wadda ake tallata cewa ba ta da waya kuwa, kar ka ba da ko kwabo.

Shimfiɗa kuma fanel take karewa bayan ka ciro shi. Nan igiya ta gaza, don in ka ajiye shi a kan teburin filastik ko kujerar soso, ɗaurin hannunka bai tsinana komai ba. A shago shimfiɗa dole ce, a haɗa wayarta wuri ɗaya da ta igiya. Amma ita kaɗai ba ta sauke cajin jikinka, ga ɗawainiyar ɗauka a kan babur. Kafin ka samu kuɗinta, ka riƙa yawo da jakar nan mai ruwan azurfa da sabon fanel ke zuwa a ciki, ka saka wanda ka ciro a cikinta, ba a samanta ba. Jaka mai ruwan hoda ba ta tara caji, amma ba ta tare wanda ya zo daga waje.

Taɓa ƙarfe ya fi babu, iyakarsa ke nan. Da ka miƙe ka ɗauko sukundireba, ko ka muskuta a kujera, ka sake tarawa. Ko da igiya ma, a gefe ake riƙe fanel, ba a kan ƙafafun ai-si ko haƙoran zinare ba.

Akwai wurin da ake cire igiyar. In za ka auna ɓangaren wuta na firintar leza tana kunne, kwance ta, domin a nan kai ake karewa ba injin ba. Babban kapasita, wato ma'ajin caji, na iya riƙe sama da volt 300 bayan an cire filogi, hitar da ke manna rubutu a takarda kuma zafinta kan kai wajen digiri 200, don haka a ba ta lokaci ta huce. Garin tona, wato tawadar firintar leza, da ya zube a kan fanel kada a zuƙe shi da injin shara na gida ko a share da buroshin nailon, dukkansu caji suke haifarwa. Akwai injin da aka ƙera musamman don tona, akwai kuma buroshi mara tara caji, wanda shi ma zai shiga aljihun da igiyar take.