Haruffa bakwai ko arba'in: wace lambar Git za a riƙe?

Ɗaliban kwamfuta a Samaru masu aikin furojet a rukuni kan yi gardama a kan wannan. Git, manhajar adana tarihin canje-canjen da ake yi wa aikin kwamfuta, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ba kowane komit (wato canjin da aka adana) lambar shaida mai haruffa 40 da ake kira SHA-1, amma sau da yawa bakwai na farko kawai yake nunawa.

Gajeriyar tana da sauƙin sha'ani. Ka tura ta a WhatsApp ko ka karanto wa abokinka a waya, nan take ya gano inda kake nufi. A ƙaramin aiki ta wadatar.

Idan aiki ya girma ne ake jin jiki. Haruffa bakwai suna ba da lambobi kusan miliyan 268, amma tun kafin a kai kusa da nan abubuwa biyu kan faro da haruffa iri ɗaya, sai Git ya ƙi zaɓa. Lambar da ta keɓanta yau tana iya samun takwara baɗi. Shi ya sa masu aikin Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, suke rubuta aƙalla 12, kuma daga 2016 Git kansa yake ƙara tsawon gwargwadon girman rumbun da aka adana aikin.

Wajen gwajin haɗe rassa kuwa, wato kwafe-kwafen aikin da kowa yake gyara nasa daban, ni cikakkiyar nake so. Reshe biyu kan ci gwaji kowanne shi kaɗai, a haɗe su lalace. Don haka haɗin ake gwadawa, kuma rahoton ya ɗauki duka haruffa 40, tunda na'ura ce take kwafewa, ba yatsun mutum ba.