Kafin ka biya kuɗin MRI na kai, tambayi tesla nawa ne injin

Jama'a duk wanda likita ya tura hoton ƙwaƙwalwa, musamman kan ciwon jijiyar fuska ko matsalar can cikin kunne, kar ya ɗauka MRI duk ɗaya ne. Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisun injin. Ni dai mai tesla 1.5 ne nawa, in har yana da salon ɗaukar hoton nan da kamfanin Siemens ke kira CISS, kamfanin GE kuma FIESTA-C. A wannan salon, injin na ta harba igiyar rediyo ne a jere, tazarar 'yan milisakan kawai, baya barin sigina ta mutu, sai ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya fito fari tas, jijiyar kuma baƙa siririya kamar zare ya faɗa cikin nono, har jijiyar jinin da ta danne ta ana gani. Kaurin kowane yanka bai kai milimita 1 ba, kuma ba sai an yi allurar kala ba.

Mai tesla 3 ya fi kaifi, ban musa ba, amma zafin da igiyar ke zuba wa jiki kusan ninki huɗu ne, dole injin ya rage ƙarfin harbi ko ya ja lokaci, ga baƙaƙen layuka a hoton da suka fi damunsa wajen hanci da kunne, ga tsada. Buɗaɗɗen injin nan mai tesla 0.3 kuwa a bar wa mai tsoron shiga ramin injin MRI.

Mai 0.3 ɗin nan shi ya cinye mana kuɗi. Hajiyarmu ko brush ta sa a baki sai ta ce kamar wutar lantarki ta ja ta a kumatu, wani ɗan kamasho a ƙofar asibiti ya ja mu wani waje wai akwai rangwame, aka miƙo mana fim ɗaya a ambulan. Likita ya ɗaga shi sama ya ce yankan milimita 5 ne, jijiyar ma ba ta fito ba, a sake.

Don haka kar ka yarda da "sabon inji ne daga waje", lamba zaka tambaya. A rubuta CISS ko FIESTA-C a takardar tun daga wajen likita, in mai karɓar kuɗi ya fara kame-kame a kira maka mai ɗaukar hoton. Ka ce CD kake so ba fim kaɗai ba, da rahoto mai sunan likitan hoto da sa hannunsa. Mu CD ɗin farko har yau suna cewa kwamfutarsu ce ta lalace.