Golf GTI Mk7 da aka ƙara wa ƙarfi: yadda take a zirga-zirgar yau da kullum

Motar da wannan sharhi ya shafa Volkswagen Golf GTI ce, Mk7, ƙirar 2016, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka, mai giyar DSG (otomatik mai kuloci biyu) hawa shida. Daga kamfani injinta EA888 ne mai lita 2.0 da turbo ƙirar IS20, ƙarfin doki 210, ƙarfin juyi 350 Nm. An sake lissafin kwamfutar injin zuwa abin da masu harkar ke kira mataki na biyu, an canza bututun hayaƙin da ke fita daga turbo zuwa mai faɗin inci 3, an sa sifirin da ya sauke ta kusan milimita 25, tana kan wili inci 18. A takarda wannan haɗin yana wuce doki 300. A ganina motar tana iya aikin kullum, kai yara makaranta, ofis, kasuwa, tafiyar Kaduna ko Abuja, amma ba a wannan saitin ba. Rabin abin da aka saka mata an yi shi ne don wani mai, wani yanayi da wasu tituna.

Abin yabon a fili yake. Daga juyin inji 2,500 zuwa 5,000 a minti motar tana tafiya kamar an cillo ta daga gwafa, kuma a nan amfanin yake, wajen wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya. Ɗan lokacin da direba ke ɗauka a hannun masu zuwa ya ragu ƙwarai. In kuma aka sassauta totur, tana tafiya lafiya lau kamar kowace Golf, but ɗinta na ɗaukar kayan cefane, kujerun baya na ɗaukar manya biyu ba takura. Wannan ne ya sa GTI ta fi yawancin motocin gudu dacewa da wanda mota ɗaya gare shi.

Matsala ta farko, kuma babba, fetur ne. Fayilolin ƙara ƙarfi, wato sabon lissafin da ake ɗora wa kwamfutar inji, da ake sayarwa a Amurka ana rubuta musu 91 ko 93, lambar okten (ƙarfin jure matsi) ta man da suke buƙata, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Lambar da ke jikin famfon mai a Amurka da ma'aunin AKI ake lissafa ta, tamu kuwa da wani ma'auni daban, RON. 91 ɗinsu daidai yake da wajen RON 95, 93 ɗinsu kuma wajen RON 98. Fetur ɗin da ake sha a gidajen mai a Najeriya yana wajen RON 91, wato 87 a lissafin Amurka, mafi ƙarancin abin da yawancin gidajen mansu ke sayarwa. Wanda ya ga 91 a fayil ya ce ai irin namu ne, ya ɗora wa injinsa abin da man ba zai iya ɗauka ba.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Fayil ɗin yana ƙara matsin iskar da turbo ke turawa, yana kuma sa fulogi ya kunna wuta da wuri. Mai mai ƙaramin okten ba ya jure wannan matsi da zafi, sai ragowarsa ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi, ya daki kan fistin. Injin yana da na'urorin da ke jin wannan bugun, sai kwamfuta ta jinkirta wuta don ta kare shi. Sakamakon biyu ne: ƙarfin da aka biya kuɗi a kansa ya zube, sannan hayaƙi ya ƙara zafi saboda wutar da aka jinkirta tana ƙarasa ci a hanyar fita. In abin ya wuce iyakar da kwamfuta za ta iya gyarawa, gefen fistin da ke riƙe da ringi ne ke tsagewa, daga nan sai hayaƙi mai shuɗi da shan baƙin mai, sai sauke inji. Kunne ba ya kama wannan da wuri. Sai an haɗa na'urar duba kwamfuta irin VCDS ko OBDeleven, a taka mota a giya ta uku daga juyi 2,500 zuwa sama a wuri mara haɗari, a duba digiri nawa kwamfuta ke janyewa daga lokacin kunna wuta a kowace silinda. Digiri ɗaya ko biyu a silinda guda jefi-jefi ba komai ba ne. Amma in ana janye sama da uku a duka huɗun a kowane taku, fayil ɗin ya fi ƙarfin man. Maganin shi ne a koma fayil ɗin da aka rubuta don 87, ko a sa a rubuta na musamman a kan man da ake saya a zahiri. Za a rasa doki talatin ko arba'in, a tsira da inji. Ruwan ƙara okten na kwalba ban ga hikimar dogaro da shi kullum ba: mafi yawansu kaɗan suke ɗagawa, masu ƙarfin cikinsu kuma suna barin jan datti a kan fulogi da na'urar auna hayaƙi. Man 'yan bumburutu kuwa kada ya shiga tankin nan ko sau ɗaya. Masu motoci ba su manta da gurɓataccen fetur mai metanol da ya shigo ƙasar a watan Fabrairun 2022 ba, kuma injin da ke aiki a bakin iyakarsa shi ne farkon wanda irin wannan ke kayarwa.

Na biyu zafi. A Mk7 intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, an cusa ta ne tsakanin lagireto da kwandensar esi. A watan Afrilu a Kano, rana ta haura digiri 40, esi a kunne, mota a tsaye a cunkoso, intakular na shan zafi gaba da baya. Taku biyu ko uku masu ƙarfi sun isa iskar da ke shiga inji ta yi zafin da kwamfuta za ta rage ƙarfi. Shi ya sa motar ke zama wata iri da asuba, wata iri da azahar. Da za a tambaye ni abu ɗaya da ya cancanci kuɗinsa a duk kayan da ake sakawa, babbar intakula ce, kuma ya kamata ta riga fayil ɗin shiga mota. Aikin yana buƙatar cire bamba da zaro gaban motar, sa'o'i uku zuwa huɗu a hannun wanda ya saba.

Tun da an buɗe gaba, a duba famfon ruwa da gidan tamostat. A wannan injin na roba ne, a haɗe suke a ƙarƙashin bututun shigar iska, kuma sananne ne cewa suna fara yoyo. Alamar ita ce ruwa na raguwa a hankali ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, da farin ko jan busasshen tabo a jikin injin. Ruwan G13 ko wanda ya gaje shi ake zubawa, ba ruwan famfo ba. Al'adar nan ta cire tamostat don wai ƙasarmu da zafi ba ta da wuri a nan, domin kwamfuta ce ke sarrafa shi.

Buɗaɗɗiyar filtar iska mai siffar mazurari, wadda ake shafa wa mai, ƙara take bayarwa fiye da ƙarfi. A lokacin hazo ƙura na ratsa ta, kuma fukafukan turbo da ke juyi sama da dubu ɗari a minti ba sa yafe ƙura. Akwatin kamfani da filtar takarda da ake canzawa duk kilomita 10,000, ko ƙasa da haka a hunturu, ya wadatar a wannan matakin ƙarfi.

Sai ƙasan mota, inda aka fi jin jiki kullum. GTI tun daga kamfani ta fi Golf ta gama-gari ƙasa da milimita 15. In aka ƙara sauke 25, kowane tudun rage gudu na unguwa sai an hau shi a karkace, kowace gadar ƙofar gida sai an yi lissafi. Abin da ke ƙasa kuma ba ƙarfe ba ne: kaskon baƙin mai na wannan injin roba ne. Dutse ɗaya ya tsaga shi, lita 5.7 na mai su tsiyaye a titi, in direba bai kashe inji nan take ba sai nokin. Akwai kaskon ƙarfe da ake sayarwa madadinsa, akwai kuma farantin kariya na ƙasa, kuma duka biyun sun fi sifirin amfani. Gajeren sifirin a kan shokozoban kamfani yana sa shi aiki a wurin da ba a tsara shi ba, sai ya fara zubar da mai da wuri, tayoyin baya kuma su riƙa cinyewa ta ciki. Shawarata a mayar da sifirin asali.

Taya ma haka. 225/40 R18 tana da gefe mai tsayin milimita 90, 225/45 R17 tana da 101. Milimita 11 ba ta da yawa a ido, amma a rami ita ce bambancin wucewa lafiya da kumburin taya ko lanƙwasar wili. Wilin inci 17 mai ramuka 5x112 yana shiga kan birkin milimita 312 ba matsala. Masu babban birki na milimita 340 su gwada kafin su biya, don ba kowane 17 ke wucewa ba. A gaya wa mai faci ƙusoshin 120 Nm ake ɗaure su, ba da tsalle a kan sifana ba.

Giyar DSG ta wannan shekarar, DQ250, kuloci biyu gare ta a cikin mai. Tana ɗaukar ƙarin ƙarfi fiye da giyar hannu, wadda kulocinta na kamfani ke fara zamewa a giya ta biyar da ta shida ba da jimawa ba bayan an ƙara juyi. Amma ita ma DSG tana buƙatar nata fayil ɗin da zai ƙara matse kulocin, in ba haka ba za a ji juyi ya ɗan tashi mota ba ta bi shi ba. Kamfani ya ce a canza manta da filta duk kilomita 60,000. A motar da aka ƙara wa ƙarfi, mai yini a cunkoso, 40,000 ya fi kwanciyar hankali, kuma man DSG na ainihi, ba man giyar otomatik na ja ba. A gosulo kada a riƙa sakin birki kaɗan-kaɗan mota na jan ciki, wannan yana sa kuloci zamewa da zafi. A bari a samu tazara, a saki birki gaba ɗaya.

Babban bututun hayaƙi shi ne abin da na fi nadamar ganinsa a motar yau da kullum. In aka cire katalis, abin da makanikai ke kira indomi, warin ɗanyen mai na shiga mota a cunkoso, fitilar inji na kamawa da lambar P0420 sai an toshe ta a fayil, kuma tsakanin juyi 2,000 da 3,000, daidai inda mota ke zama a doguwar tafiya, akwai wani gurnani da ke cika kunne har ya sa ciwon kai kafin a kai Zariya. Fitowa da asuba kuma ta zama tashin maƙwabta. Fayil ɗin da ke sa salansa harbi kamar bindiga in an saki totur ya fi muni, domin fetur yake ƙonawa a cikin turbo da bututu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Haka robar da ake cusawa a mazaunin inji na ƙasa don giya ta riƙa kamawa da kyau: tana aikinta, amma in esi na kunne mota na tsaye, sitiyari da dashbod rawa suke.

Sabis ya matso kusa. Baƙin mai 5W-40 mai shaidar VW 502 00, juye duk kilomita 5,000 zuwa 7,000, da sabuwar filta da sabon murfin kasko, don na robar sau ɗaya ake amfani da shi. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, a saya wurin dila tabbatacce. Fulogi ana komawa mai sanyi da mataki ɗaya, a rage bakinsa zuwa milimita 0.6, saboda matsi mai yawa yana hure wutar in bakin ya yi faɗi, sai mota ta riƙa sarƙewa a tsakiyar taku da lambobin P0300 zuwa P0304. A ɗaure shi 30 Nm, a canza duk kilomita 20,000. Koyil ɗaya ya zauna a but. Motocin Amurka kuma, ba kamar na Turai ba, kai tsaye kawai suke fesa mai cikin silinda, don haka babu fetur da ke wanke bawul ɗin shigar iska. Baƙin datti na taruwa, wajen kilomita 80,000 zuwa 100,000 sai an cire bututu an kankare. Ruwan birki DOT 4 duk shekara biyu.

Shan mai ya danganta da ƙafa. A doguwar hanya, a kan kilomita 100 a sa'a da dokar hanya ta yarda wa ƙananan motoci a babban titi, tana shan wajen lita 8 a kilomita 100, don haka tankin lita 50 yana kai ta Abuja daga Kano ba tare da tsayawa a gidan man da ba a sani ba. A gari da esi lissafin na komawa 12 ko 13, in kuma ana taka ta, babu iyaka. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Kayan gyara na gama-gari, birki, filta, bushin, ana samu a Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo, amma famfon ruwa mai kyau, man DSG da fulogin da ya dace yawanci sai daga Legas ko waje, mako ɗaya zuwa uku. Motar da ke kai mutum aiki ba ta iya jiran haka, sai a sayi waɗannan tun kafin su lalace. Makanikin ma sai mai na'urar duba kwamfuta, kuma a gaya masa tun a bakin ƙofa cewa akwai fayil a motar, domin sabunta kwamfutar inji yana goge shi. Duk abin da aka cire na asali, bututu da katalis ɗinsa, sifirin, akwatin iska, a ajiye a gida. Ranar sayarwa, dillalai a nan ba sa ƙara ko sisi don an saka kaya, ragewa suke yi.